Kula da lafiyar ɗalibi: haƙƙi ne ko alfarma?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a. Musu ya kaure a ɗakinmu: wasu sun ce kula da lafiya haƙƙi ne a wuyan gwamnati, wasu sun ce kowa tasa ta fisshe shi. Abin da ya tayar da zancen shi ne, duk shekara muna biyan kuɗin asibiti cikin kuɗin rajista, amma in ka je kilinik sai a rubuta maka magani a ce ka sayo a kemis. Me doka ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ni ina bayan masu cewa haƙƙi ne, amma da za su kai maganar kotu a yau, da sun sha mamaki.

Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya umarci gwamnati ta karkata manufofinta ga samar wa kowa isassun asibitoci da kayan aiki. Sai dai sashen yana cikin babi na biyu, kuma sashe na 6(6)(c) ya ɗaure hannun alƙalai, ba za su saurari ƙarar cewa gwamnati ta saɓa wa wannan babi ba. Lauyoyi kan zagaya ta Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan'adam, wadda sashe na 16 nata ya ambaci haƙƙin lafiya, kuma Najeriya ta mayar da ita dokar gida a 1983. Amma a shari'ar Abacha da Fawehinmi ta shekarar 2000, Kotun Ƙoli ta ce kundin tsarin mulki yana sama da ita. A Afirka ta Kudu abin ba haka yake ba, don sun rubuta haƙƙin ɓaro-ɓaro a sashe na 27 na kundinsu, shi ya sa a 2002 kotu ta tilasta wa gwamnatinsu ba mata masu ciki maganin da ke kare jarirai daga cutar ƙanjamau.

Masu cewa "ina kuɗin?" ba shirme suke yi ba. Sai dai a nan Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba.

Yanzu ga abin da yake hannunki daram. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa, ko da wane dalili. Wanda ya ƙi, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba ko duka biyun. Tarar ta yi kaɗan a ganina, amma dokar tana nan. Idan abokiyar ɗakinki ta yanke jiki ta faɗi da dare, "ku fara biyan kuɗin kati" ba hujja ba ce.

Batun kuɗin rajista kuwa ya fi sauƙi, domin abin da kika biya ba alfarma kike roƙo a kansa ba. A makarantu da yawa wannan kuɗi na tsarin inshorar ɗaliban manyan makarantu ne da ake kira TISHIP, ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, wadda dokarta ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Makaranta kan ƙulla yarjejeniya da kamfanin inshora, a ciki a jera abubuwan da tsarin ya ɗauke wa ɗalibi: ganin likita, gwaje-gwajen yau da kullum, magungunan da ke cikin jeri, da tura mara lafiya babban asibiti in abin ya fi ƙarfin kilinik. Ɗalibai kaɗan ne suka taɓa ganin wannan takarda.

Ki duba rasit ɗinki ki ga da wane suna aka karɓi kuɗin. Ku je wurin jami'in walwala na ƙungiyar ɗalibai, ku nemi sunan kamfanin inshorar da jerin magungunan a rubuce. Duk ranar da aka ce "babu, sai a waje", ki adana takardar likita da rasit ɗin kemis. Idan takardun mutum ashirin suka taru, ku kai wa shugaban sashen harkokin ɗalibai, kwafi kuma ya tafi ofishin NHIA na jiharku.