Dalilin da ra'ayi ya rabu kan fim ɗin Ultron

Malam, ka tambayi abin da ya sa fim ɗin Avengers (ƙungiyar jarumai masu kare duniya) na 2015, wanda mugunsa mutum-mutumi ne mai suna Ultron, bai samu yabo kamar na 2012 ba. A wani gidan kallo da ke Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, na kalle shi, kuma musun da aka tafka bayan an tashi ya nuna mini inda aka rabu.

Matasan bencin gaba faɗa suka zo gani, sun kuwa samu, har miƙewa suka yi lokacin da Hulk, ƙaton jarumin nan kore, ya gwabza da abokinsa Tony Stark, wanda ke cikin ƙaton sulkensa na ƙarfe. Mu na baya Ultron kansa ne ya dame mu. Stark da Bruce Banner, masanin kimiyyar da ke rikiɗewa ya zama Hulk, su ne suka ƙirƙire shi don ya kare duniya, sai ya yanke shawarar cewa shafe bil'adama ne mafita, amma duk da wannan mugun nufi yana ta zolaya kamar ɗan tasha, har tsoronsa ya fita daga ran mai kallo. Ga jarumai sun yi yawa, labarin ya cunkushe, har mutuwar Quicksilver, jarumi mai tsananin gudu, ta wuce ba wanda ya ce uffan a ɗakin.