Me ya sa kwamfuta take ƙin kwanan watan kakanninmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Aboabo ne a Kumasi. Ina tattara tarihin gidanmu a manhajar lissafi ta Excel. Kakan mahaifinmu bafataken goro ne da ya baro Salaga a 1892, lokacin yaƙin basasar garin. Duk kwanan watan da na saka kafin 1900 sai ya ƙi jeruwa da sauran, kuma ba a iya lissafi da shi. Matsalar kwamfutata ce? Wannan iyakar tana da wani amfani kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka da alheri a kan wannan aiki. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, haka aka gina manhajar.

Kwamfuta ba ta san wata ko shekara ba, ƙidaya kawai ta sani. Mai gina manhaja yakan tsayar da rana ɗaya ya ce daga nan za a fara ƙirga. A Excel ranar ita ce 1 ga Janairu 1900, lambarta 1. Gwada da kanka: rubuta ranar 'yancin Ghana, 6 ga Maris 1957, sannan ka mayar da akwatin zuwa lamba zalla, za ka ga 20885. Abin da ke ɓoye ke nan a ƙarƙashin kwanan watan. To 1892 ba ta da lamba a wannan ƙidaya, sai Excel ya ɗauke ta rubutu kawai, kamar suna. Alamar tana gabanka: kwanan watan da ya karɓa yakan koma gefen dama na akwati, wanda ya ƙi kuwa ya maƙale a hagu. Kada kuma ka gajarta ka rubuta 92, don 1992 zai ba ka, ka rage wa kakanka shekara ɗari ba ka sani ba.

Kowace manhaja da inda ta kafa turkenta. Wayoyin Android da galibin na'urorin intanet suna ƙirga daƙiƙoƙi daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970 agogon GMT, wanda shi ne agogonmu a Ghana. Shi ya sa wani lokaci za ka ga saƙo ko hoto ɗauke da wannan rana: an bar gurbin babu komai, manhajar ta ɗauka sifili ne. A Amurka irin wannan kuskure 31 ga Disamba 1969 yake nunawa, saboda agogonsu yana bayan namu.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce 1753, iyakar tsohon gurbin kwanan wata na SQL Server, rumbun bayanan da ofisoshi da yawa ke aiki da shi. Dalilinta tarihi ne. A 1582 Fafaroma Gregory na 13 ya gyara kalandar Turawa, amma Ingila da ƙasashen da take mulka ba su bi ba sai 1752. A shekarar mutane suka kwanta Laraba 2 ga Satumba, suka tashi Alhamis 14 ga wata, kwana 11 sun fita daga lissafi. Masu gina manhajar suka ga idan an tsallaka baya da nan, sai an tambayi ƙasar da ake magana a kanta kafin a san ranar, sai suka fara daga cikakkiyar shekarar farko bayan gyaran. Ni a ganina wannan iyaka ce ta gaskiya, don gara manhaja ta ce ba ta iya ba da ta ba ka lissafin da ba daidai ba.

Amfani kuwa akwai shi, in an sa iyakar inda ta dace. Ɗauki ma'aikaciyar asibiti mai buɗe wa marasa lafiya kati, layi ya kai bakin ƙofa, yatsanta ya zame ta buga 1079 maimakon 1979. Iyakar ce za ta tare kuskuren nan take. Mutumin da aka tabbatar ya fi kowa daɗewa a duniya shekara 122 ya yi, saboda haka fam ɗin masu rai da ya fara daga 1900 bai zalunci kowa ba. Illar tana zuwa ne in an ɗauki ma'aunin masu rai aka auna tarihi da shi. A nan Kumasi, yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 da ƙyar ya shiga, kama Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kuwa yana waje.

Ga abin da zan ba ka shawara. Raba kwanan watan gida uku: shekara a layinta, wata a nasa, rana a nata, duk a matsayin lamba zalla. Da haka za su jeru, kuma ka iya ɗebe shekara daga shekara ka san tsawon rai. LibreOffice, manhaja mai aiki irin na Excel wadda kyauta ce, tana karɓar ranakun kafin 1900, amma ko a can wannan rabon ya fi maka, domin galibin dattawanmu shekara kaɗai aka riƙe musu, wani ma sai dai a ce shekarar yaƙi kaza.

Abin da nake roƙonka da shi, kada ka cike gurbi da 1 ga Janairu don manhaja ta yi shiru. Jikanka zai gani ya ɗauka gaskiya ce. Inda ba a san rana ba, bar wurin fayau. Ka ƙara layi guda na yadda aka samo labarin: daga bakin wace tsohuwa, ko daga bayan wane littafi. Idan da Hijira aka rubuta a takardar ajami, kwafe shi yadda yake, ka sa ta Miladiyya a gefe. Ka lura shekarar Hijira takan hau kan shekarun Miladiyya biyu, ita ma 1892 ɗin taka ta rabu tsakanin 1309 da 1310, don haka sai ka nemi watan kafin ka tsayar da ɗaya.