Muryar amsa: sabobin da ke kan CentOS 7

Salamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da hayaniya, ina cikin adaidaita ne a Zoo Road. Ƙanina da ya yi tambaya ɗazu, ka ce sabobinku biyu na wurin aiki, wato manyan kwamfutocin da manhajarku ke gudana a kai, suna kan CentOS 7, wani nau'in Linux, komai na tafiya lafiya lau, oga kuma ya ce kar a taɓa abin da bai lalace ba. To ni dai a ganina ku tashi daga kai, amma ba yadda kake shirin yi na ɗaga su zuwa sabon tsari kai tsaye ba.

Ka ga CentOS 7 ɗin nan tun 30 ga Yuni 2024 masu shi suka daina tallafa masa, duk ɓarakar da aka gano daga ranar zuwa yau ba za su toshe maka ba. Buga yum update, umarnin sauke sabuntawa, ma ka gani, kuka zai yi maka don an kwashe kayan an kai vault, ma'ajiyarsu ta tsofaffin kaya, sai wasu su canza adireshi ya koma can, su ga ya yi aiki su ce alhamdulillahi, alhali tsohon kaya ne kawai suke sake saukewa. Ka tuna harin kutsen WannaCry a Mayun 2017 da ya durƙusar da asibitoci a Ingila? Microsoft ya fitar da maganin tun Maris, mutane ne ba su sa ba. Su maganin na nan suka yi sakaci, kai naka ma babu shi kwata-kwata daga masu shi.

Kuma don Allah kar wani ya ce CentOS 8, shi ya riga 7 ɗin mutuwa, tun ƙarshen 2021. Ku koma AlmaLinux 9 ko Rocky Linux 9, duk suna da rai har 2032.

Inda nake so ka saurare ni shi ne, kar ka ɗaga sabar da mutane ke aiki a kanta kai tsaye. Eh akwai ELevate, kayan aikin da ke ɗaga saba kai tsaye, yana yi, amma CentOS 7 da PHP 5.4 da Python 2.7 yake zuwa, tsofaffin sigogin harsunan rubuta manhaja, idan manhajarku a kan su aka rubuta ta kuma wanda ya rubuta ya daɗe da barin aiki, wallahi saba za ta tashi garau manhaja ta ƙi, ni na taɓa kwana a wani ofis kan irin wannan, har aka kira asuba ina neman layi ɗaya da ya karye. Haɗa sabuwa a gefe, ko da VM ce, wato sabar da ake ƙirƙira a cikin wata kwamfuta, kwafi databes ɗin ka gwada komai har fitar da rasit. Bakof ɗin ma, wato kwafin ajiya, ka dawo da shi ka ga ya buɗe, da yawa sai ranar tsiya suke gane fanko ne. In ka juya, tsohuwar ka kashe ta amma kar ka goge, ba ta sati biyu.

Lokaci kuma, in kwastomominku 'yan Kwari ne kar ka kuskura gab da sallah. Daren Juma'a bayan isha, a tabbatar akwai dizal a janareto.

Kafin nan rufe SSH, ƙofar shiga saba daga nesa, daga waje, in oga na da dala akwai irin su TuxCare da ke sayar da ƙarin tallafi. Kuma ka rubuta masa haɗarin a imel, kar ka tsaya a baki, ranar da masu kutse suka shigo kai za a fara kira. Turo min PHP nawa kuke kai. Mai adaidaita tsaya nan, akwai sauka.