Amsar Malam kan rikodin ɗin allo da ya ƙi shiga Premiere

Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da yamma. Malam, na saurari muryar da ka turo ɗazu daga unguwar Kongo. Ka ce ka ɗauki darasin lissafi na masu shirin JAMB daga allon waya, kusan minti 40, bidiyo biyu. Ɗaya ka kai Premiere, manhajar editin bidiyo, ya ƙi karɓa, ɗayan kuma da ya shiga, murya ta yi gaba hoto ya yi baya. Har wani a shagon kwamfuta ya ce maka fayil ɗin ya lalace, ka sake ɗauka.

Don Allah Malam, kada ka goge komai, kuma kada ka cire Premiere ka sake sakawa. Wahala ce kawai da asarar data. Akasarin irin wannan, bidiyon lafiyarsa ƙalau, manhajar editin ɗin ce ba ta gane yadda aka naɗe shi ba.

To, fara da wannan. Ka buɗe bidiyon da VLC, manhajar kallon bidiyo, ka ja shi har ƙarshe. In ya yi wasa daga farko har ƙarshe da murya, aikinka na nan, ka kwantar da hankalinka. Amma fa buɗewa a VLC ba ta nufin dole Premiere ya karɓa, saboda shi VLC yana tafe da kodek ɗinsa, wato abin warware bidiyo, a cikinsa, kusan komai yana buɗewa. Daga nan sai ka sauke wata ƙaramar manhaja, MediaInfo, kyauta ce kuma ba ta da nauyi. Ka jefa bidiyon a ciki, ka duba layi biyu: inda aka rubuta Format, da inda aka rubuta Frame rate mode. Layin nan biyu su za su faɗa maka ciwon.

Bari in tsaya a kan layi na biyun, Frame rate mode, don shi ne ya fi damun masu ɗaukar allo. Kyamara ta gaske tana ɗaukar hoto 25 ko 30 a kowace daƙiƙa, ba ta canjawa. Ita kuwa waya in tana ɗaukar allonta, wayo take yi don ta rage cin wuri da batir. Lokacin da kake bayani, allo a tsaye, ba abin da ke motsi, sai ta rage yawan hotunan da take ɗauka. Da ka fara rubutu ko ka ja shafi sama, sai ta ƙara. Murya kuma tana tafiya da gudu ɗaya tun daga farko. Shi editin yana son ya jera hotuna a kan layi daidai wa daida, to in ya tarar nan da yawa can kaɗan, sai lissafinsa ya kauce. Shi ya sa za ka ga a minti 2 na farko komai daidai, kafin ka kai minti 30 kana cewa "mu raba da biyu" hannunka bai ma gama rubuta layin baya ba. In MediaInfo ya rubuta Variable, to wannan ne. Tun 2018 Adobe, kamfanin da ke yin Premiere, suka sa masa abin da zai riƙa daidaita irin wannan bidiyon, yana taimakawa, amma a kan dogon rikodi ni ban yarda da shi ba.

Maganinsa HandBrake, manhajar da ke sauya nau'in bidiyo. Shi ma kyauta ne, sai dai a Windows zai nemi ka sauke wata manhaja, .NET, kafin ya tashi, saboda haka ka yi shi lokacin da kake da data. Ka jefa bidiyon, ka bar shi a MP4. Ka shiga shafin Video, ka zaɓi H.264, wato nau'in naɗin bidiyon, ka sa 30 a Framerate, wato hoto 30 a daƙiƙa, sannan, ka ji nan da kyau Malam, ka danna Constant Framerate. Nan mutane suke faɗuwa. Saitin da yake zuwa da shi yana kan Peak Framerate ne, mutum zai bar kwamfuta tana ta aiki, fanka na kuka, a gama a kai Premiere, matsalar na nan yadda take. Lambar inganci kuma, wadda suke kira RF, ka mayar da ita 18 ko 20. Yadda lambar ta yi ƙasa haka hoton yake fita tas, kuma tunda rubutu da alƙaluma ne a allonka, yara suna bukatar su bambanta 3 da 8. Ka leƙa shafin Dimensions ma. Allon waya dogo ne a tsaye, in ka bar iyakar girman a 1080p zai matse shi ya ƙanƙance, to ka mayar da ita None, yankan gefe shi ma None. Ka ajiye da sabon suna, na asalin ka bar shi inda yake.

Yauwa, sai wanda ya ƙi shiga kwata-kwata. In Premiere ya rubuto maka unsupported compression type, ko murya kaɗai ta shiga babu hoto, ka duba layin Format. In ka ga HEVC, shi ne H.265. Yana rage girman fayil sosai, shi ya sa sababbin wayoyi suke son sa, iPhone tun 2017 take amfani da shi. Amma laftof ɗin gwanjon da yawancinmu muke saye a Sabon Gari, masu Core i5 zubi na 3 ko na 4, ba a ƙera su da abin warware shi ba, sai daga zubi na 6 Intel suka sa. Ko ya shiga, tsalle-tsalle zai yi ta yi. Wannan ma HandBrake ɗin ne, hanya ɗaya, ka mayar da shi H.264, ka kashe tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ƙanwata da ta tambaya jiya a kan rikodin OBS, manhajar ɗaukar allon kwamfuta, da ya ƙi shiga Premiere, ke naki daban ne, kuma ya fi sauƙi. Fayil ɗinki MKV ne, tsofaffin Premiere da ke yawo a garin nan ba sa karɓarsa. Kada ki canja masa suna daga mkv zuwa mp4, sauya murfin kwano ba ya sauya abin da ke ciki. Ki buɗe OBS, ki danna File, ki zaɓi Remux Recordings, ki nuna masa fayil ɗin. Cikin ɗan lokaci zai fito miki da MP4, ingancin bai ragu ko kaɗan ba, don ba sake sarrafa hoton ya yi ba. Kuma ina roƙonki, ki ci gaba da ɗauka a MKV ɗin. MP4 na gargajiya sai a ƙarshen rikodi yake rubuta bayanin da ake buɗe shi da shi. In aka ɗauke wuta, batirin laftof kuma ya mutu, awa guda na lacca ta tafi, za ki ga fayil mai nauyi amma ba ya buɗuwa. MKV kuwa duk abin da aka ɗauka kafin wutar ta tafi yana nan. A Settings, ƙarƙashin Advanced, akwai inda za ki kunna ya riƙa mayar miki da shi MP4 da kansa duk lokacin da kika tsayar.

Abu ɗaya da ya rage, yadda bidiyon ya bar waya. Ka kwatanta girmansa a waya da girmansa a kwamfuta, in ba su zo ɗaya ba, turawar ce ta yanke a hanya, ka sake da kebul. Filashar da aka yi wa fomat da tsarin FAT32 ba ta ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB. In kuma ta WhatsApp za a turo, a turo shi a matsayin Document, in ba haka ba zai matse shi rubutun ya dushe.

Malam, ka ɗauki hoton abin da MediaInfo ya nuna a kan bidiyon biyu ka jefo nan guruf, in gani kafin ka fara. In laftof ɗinka ba zai ja HandBrake ba, ka zo da wayar da kebul ɗinta Samaru gobe bayan la'asar, mu yi a kan tawa, yaran nan su samu darasinsu kafin jarabawa. Wassalam.