Makarantar ɗana ta koma babban rukuni, koci ya ce ya nemi wani wuri

Wani Alhaji ne ya turo tambayar nan, na taƙaita ta saboda tsawo. Ɗansa yana shekara ta biyu a wata jami'a a Amurka, sikolashif ɗin ƙwallon kwando ne ya kai shi, da bizar ɗalibi ya shiga. Makarantar ta bar rukunin gasar da take ciki ta koma wanda ya fi girma, sai koci ya kira yaron ofis ya ce masa yanzu matakin ya wuce na da, za su kawo sabbin 'yan wasa, gara ya sa sunansa a fotal, wato rajistar 'yan wasan da ke neman sauya makaranta, ya nemi wata makaranta. Alhaji yana so ya san ko za su iya kai ƙara tunda ba haka aka yi da su ba lokacin da aka ɗauki yaron, sannan ko za a iya ƙwace sikolashif ɗin.

To Alhaji, Allah ya ƙara girma, kafin komai ka kira yaron nan yau ka ce masa kada ya sa sunansa a fotal ɗin nan, kada ya sa hannu a kowace takarda, kada kuma ya yi fushi ya daina zuwa atisaye. Dalilin zai zo a ƙasa amma wannan shi ne abin da ba ya jira.

Maganar ƙara kuwa gaskiya ba zan ba ka shawarar ka kashe ko sisi a kanta ba. Yarjejeniyar da ke tsakanin ɗanka da makaranta ta tallafin karatu ce, kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, littattafai, ba za ka ga inda aka rubuta cewa makaranta za ta zauna a rukuni kaza ba ko kuma za a sa shi wasa minti kaza, kuma duk alƙawarin da koci ya yi da fatar baki lokacin da yake zawarcin yaron kotu ba ta cika ɗaukarsa da nauyi ba. Shiga rukuni da fita kwangila ce tsakanin jami'a da rukunin da gidajen talabijin, ɗan wasa ba ya cikin masu sa hannu, shi ya sa idan ka duba shari'o'in da aka yi a kan wannan sauye-sauye yawanci tsakanin jami'o'i da rukunoni ake yin su.

Kuma ya kamata ka gane abin da ake saye da sayarwa a wannan kasuwa don ka san da wa kake magana. Ba ƙwarewar wasa kaɗai ake aunawa ba idan rukuni zai ɗauki makaranta, mutum nawa ne za su kunna talabijin idan ƙungiyarta ta ƙwallon Amurka tana wasa, shi ne ma'auni, ƙwallon kwando ma a baya take biyowa. Big Ten, ɗaya daga cikin manyan rukunonin, ta sayar da haƙƙin nuna wasanninta ga Fox da CBS da NBC a kan kusan dala biliyan 7 na shekara bakwai, kuma tun a Yunin 2022 jami'o'in USC da UCLA na Los Angeles suka sanar za su bar rukunin Pac-12 su koma can, suka tafi da kasuwar Los Angeles gaba ɗaya. Daga nan ginin ya fara rushewa, a 2023 Oregon da Washington suka bi su amma da sharaɗin ba za su karɓi cikakken kaso ba sai wajen dala miliyan 30 a shekara, Colorado da Utah da Arizona da Arizona State suka tafi rukunin Big 12, Stanford da Cal suka shiga rukunin ACC da ragaggen kaso, ita kuwa jami'ar SMU, wadda ba 'yar Pac-12 ba ce, ta yarda ta yi shekara tara ba ta karɓi kuɗin talabijin ba don dai kawai a buɗe mata ƙofar ACC. Oregon State kuwa, da a shekarun nan ƙungiyarta ta fi ta wasu da aka ɗauka ƙarfi a fili, ita da Washington State aka bari a tsakar gida saboda garuruwansu ƙanana ne, sai da suka je kotu a jihar Washington kafin suka karɓi ragamar abin da ya rage na Pac-12, daga baya aka sasanta makarantu goman da suka fita suka bar dala miliyan 65. Florida State da Clemson su ma sun kai ACC ƙara a kan haƙƙin talabijin da suka sallama har 2036, aka sasanta a Maris 2025 da cewa wanda aka fi kallo shi zai fi samun kaso. Ka ga kenan an daina ɓoye-ɓoye, kowace makaranta an manna mata farashi, kuma makarantar da ta shiga sabon rukuni tana jin dole ta nuna ta cancanci kujerar, nauyin sai ya sauko kan koci, koci ya sauke shi kan yaro irin naka.

Yanzu ga inda kuke da ƙarfi. Tun 2015 manyan rukunoni suka yi doka cewa ba a ƙwace sikolashif saboda dalilin wasa, kuma daga Agustan 2024 hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta faɗaɗa wannan kariya ga duk makarantun mataki na ɗaya. Ma'ana ba za a rage ko a soke tallafin ba don yaro bai taka rawar gani ba, ko ya ji rauni, ko an samo wanda ya fi shi. Koci yana da ikon ya ajiye shi a benci kaka guda, yana da ikon ya cire shi daga jerin 'yan wasa ma, wannan babu lauyan da zai hana, amma kuɗin karatun ba ya hannunsa. Abubuwan da ke ba su damar sokewa sanannu ne: yaro ya faɗi a karatu har ya rasa cancantar wasa, ko ya yi ƙarya a takardu, ko babban laifi da ya kai ga hukuncin ladabtarwa, ko ya bar ƙungiya da kansa, ko ya ba da sanarwar zai sauya makaranta. Ka lura da biyun ƙarshen nan. Ranar da ya shiga fotal makaranta ta sami hurumin yanke tallafin a ƙarshen zangon, kuma ba dole ba ne ta mayar da shi idan bai sami wuri ba, ga shi duk shekara yara da yawa suna shiga su rasa mai ɗauka. Shi ya sa koci bai ce na kore ka ba, cewa ya yi ka nemi wani wuri, kora da hali kenan, yana so yaron ya fita da ƙafarsa don kujera ta buɗe ba tare da an ce makaranta ta karya doka ba.

Kujerar kuma yanzu tsada gare ta. A Yunin 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sasancin shari'ar House, wadda 'yan wasa suka kai NCAA a kan biyan kuɗi, sasancin ya ba kowace makaranta damar biyan 'yan wasa kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, ya kuma kawo iyaka a yawan 'yan wasa, ƙwallon kwando ta maza mutum 15 ne, ƙwallon Amurka 105. Duk wanda ke zaune a kujera ɗaya cikin 15 ɗin nan kuma ba ya cikin lissafin koci to ido yana kansa.

Abin da nake so yaron ya yi shi ne ya nemo kwafin yarjejeniyar tallafin da ya sa wa hannu ya turo maka, a duba ko ta shekara ɗaya ce ko ta shekaru, a duba sharuɗɗan da ba na wasa ba da aka cusa a ciki, irin su zuwa ajin ƙarin karatu da dokokin ƙungiya, don idan ana neman mutum da laifi ta nan ake shiga, makara sau biyu uku sai ka ga an rubuta. Sannan ya tura wa koci saƙon imel mai ladabi, gajere, ya ce na gode da zaman da muka yi ranar kaza, na fahimci kana ganin zai fi min in nemi wata makaranta, ni dai niyyata in zauna in gama karatuna a nan kuma zan ci gaba da zuwa atisaye. Ya sa ofishin da ke kula da bin dokokin wasanni a cikin saƙon. Wannan 'yar takarda tana toshe ƙofar a zo a ce shi ya bari da kansa. Doka ta ce zuwa 1 ga Yuli dole makaranta ta sanar da shi a rubuce ko an sabunta tallafin ko ba a sabunta ba, idan aka rage ko aka soke yana da haƙƙin a saurare shi a gaban wani kwamiti da ba na sashen wasanni ba, yawanci ofishin tallafin karatu ne ke shirya shi, kuma wa'adin neman sauraron gajere ne, yana cikin wasiƙar, don Allah kada ya bar ta a akwatin imel ba a buɗe ba kamar yadda yaran nan suka saba.

To idan shi yaron wasan yake so fa, ba ya son zaman benci? Wannan ma zaɓi ne mai kyau kuma ba zan raina shi ba, shekarun wasa ƙidayayyu ne, tsohuwar ƙa'ida kaka huɗu ce cikin shekara biyar. Tun Afrilun 2024 ɗan wasa yana iya sauya makaranta ya fara wasa nan take ko sau nawa ne matuƙar karatunsa yana kan hanya. Amma doka ta hana wasu makarantu tuntuɓarsa kafin sunansa ya shiga fotal, kenan zai saki abin da ke hannu ne kafin ya ga na gaba, don haka sai an yi lissafi da idon basira: minti nawa ya buga bana, akwai faifan wasansa da za a nuna, su wa suka neme shi a da. Tunda koci ne ke son ya tafi, to ya biya farashi, yaron ya nemi a rubuta masa cewa idan bai sami makaranta ba tallafinsa yana nan har ya gama digiri, da sa hannun daraktan wasanni, ba koci kaɗai ba, don koci gobe ana iya sallamarsa. Lokacin shiga fotal ɗin ma 'yan kwanaki ne bayan an gama kaka kuma ana yawan canza su, ya tambayi ofishin dokoki ranakun bana. Abin da iyaye ba sa tunawa shi ne darussa, sabuwar makaranta ba lallai ta karɓi duk abin da ya karanta ba, alhali dokar NCAA tana so kafin shekara ta uku ya gama kashi 40 na digirinsa, ta huɗu kashi 60, ta biyar kashi 80, sai ka ga an matsa wa yaro ya canza fanni zuwa wanda bai taɓa sha'awa ba don kawai lissafi ya cika.

Sai biza, wadda ita ce ta fi damuna a maganar ɗanka, don abokan wasansa 'yan ƙasa ba su da wannan matsalar kuma koci ba lallai ya tuna da ita ba. Bizar ɗalibi ta F-1 a ɗaure take da makaranta, takardar I-20 ɗinsa, wato shaidar da makaranta ke ba ɗalibin ƙasar waje don biza, an ba shi ne bisa hujjar cewa sikolashif zai ɗauki nauyinsa, idan tallafin ya faɗi sai ku nuna wani kuɗin daga aljihu, ka san kuma yadda dala take da naira. Idan zai sauya makaranta dole jami'in ɗaliban ƙasashen waje ya tura bayanansa a SEVIS, rajistar gwamnatin Amurka ta ɗaliban ƙasashen waje, zuwa sabuwar kafin ya bar tsohuwar, ba a yin giɓi. Ko da zai zauna ma akwai abin lura, rukunonin nan yanzu sun miƙe daga gaɓar teku zuwa gaɓar teku, daga Los Angeles zuwa New Jersey kusan kilomita 4,000 ne, saboda yawan tafiya ana tura 'yan wasa su ɗauki darussan intanet, shi kuwa mai F-1 darasi ɗaya tak na intanet ake lissafa masa cikin cikakken nauyin zango, sauran dole a aji. Ya nuna wa jami'in bizar jadawalinsa kafin ya yi rajista, ba mai ba 'yan wasa shawarar karatu kaɗai ba.

Kuɗin talla da suna da hoto da ake kira NIL, wanda aka halatta tun Yulin 2021, nan ma a yi hattara, za a iya yi masa romon baka da shi a sabuwar makaranta. Mai bizar ɗalibi ba shi da izinin aiki a wajen makaranta, ɗaukar hoton talla ko sa hannu a riguna don kuɗi a cikin Amurka ana iya ɗaukarsa aiki ba izini, kuma hukumar shige da fice ba ta fitar da ƙa'ida ƙarara a kan kuɗin da makarantu suka fara rabawa ba. Wasu suna yin tallan ne idan sun fita ƙasar, kamar yadda Oscar Tshiebwe ɗan Kongo ya yi lokacin da ƙungiyarsa ta jami'ar Kentucky ta je Bahamas a 2022. Amma kada ku ce bari ya zo gida hutu ya yi a nan ba tare da kun duba fasfo ba, a Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya mai wata uku, kuma abin ƙara tsauri yake yi. Yana ciki da I-20 mai rai zamansa halal ne ko da tambarin bizar ya ƙare, fita ce ke jawo sai an sake nema. Duk kwangilar da aka miƙo masa mai kuɗi a ciki, lauyan shige da fice na can ya karanta ta kafin ya sa hannu, kuɗin zama ɗaya da lauya bai kai abin da za ku rasa ba idan aka rufe masa SEVIS.

Idan kuma yana da tsohon rauni a gwiwa ko idon sawu da ya samu a wasa, likitan ƙungiya ya rubuta shi a fayil yanzu tun yana ɗan gida, don dokar Agustan 2024 ɗin ta ɗora wa makaranta kula da raunin wasa har shekara biyu bayan ya bar ta, kuma abin da ba a rubuta ba wuya ne a biya. Ka turo min yarjejeniyar tallafin da shafin farko na I-20 idan sun iso hannunka, a rufe lambobin.