Amsa ga ƙanwata mai neman digiri na biyu a aikin ungozoma a Amurka

Ƙanwata, saƙonki ya iso, kuma ba ke ce ta farko da ta aiko mini da irin wannan tambaya a bana ba. Kin ce kina da shaidar jinya da ta ungozoma, kin daɗe a ɗakin haihuwa, kina so in turo miki sunan makarantar da za ta ɗauke ki digiri na biyu tare da tallafin karatu. Makaranta tana can kusa da ƙarshen hanya, amma kullum da ita kuke farawa.

Abin da ya kamata ki fara haɗiyewa, ko da ɗaci, shi ne shaidarki ta ungozoma ba za ta sa a kira ki ungozoma a nan ba. Wadda ake kira CNM a Amurka, wato nas-ungozoma mai shaidar ƙwarewa, nas ce mai lasisin jiharta, wadda ta yi digiri na biyu ko na dakta a makarantar da ACME, hukumar tantance makarantun ungozoma, ta amince da ita, sannan ta ci jarrabawar AMCB, hukumar da ke ba ungozoma shaida, kuma tun daga 2010 babu mai shiga aikin ba tare da babban digiri ba. Ni da na karɓi haihuwa a gida da fitilar waya a baki, na tsayar da zubar jini babu likita a kusa, sai ga ni a nan an tsayar da ni a gefen gado ina kallon na'urar bugun zuciyar jariri ina cike takardu. Wata rana kan yaro ya riga ya fito, likita bai iso ba, na sa hannu na karɓe shi lafiya ƙalau, sai washegari aka kira ni ofis in rubuta bayanin abin da ya sa ban kira da wuri ba. Babu wanda ya ce sannu. Wannan ya fi sanyin ƙasar nan ci mini rai.

Saboda haka ki fara da jinya. Makarantarki da majalisar jinya da ungozoma ta Najeriya ne za su aika da takardunki kai tsaye zuwa masu tantancewa irin su TruMerit (tsohuwar CGFNS), ba a karɓa daga hannunki, kuma nawa takardun sun kwanta a teburin wani magatakarda har sai da mahaifina ya je da ƙafarsa. Daga nan sai jarrabawar NCLEX ta samun lasisin nas, da ta Turanci idan an nema, da lasisin jiha, domin kowace jiha tana da nata sharuɗɗan. Idan difloma ce a hannunki, yawancin makarantu za su ce sai kin kammala digirin farko na jinya, wasu kuma suna son ki yi aƙalla shekara guda a ɗakin haihuwa na nan.

Maganar tallafi kuwa, kada ki ɗora tafiyarki a kansa. Mai bizar ɗalibi ba ta samun bashin karatu na gwamnatin tarayya, aikin da aka yarje mata ba ya wuce awa 20 a mako a cikin makaranta, kuma darasi ɗaya tak na intanet ake lissafa mata a zango. Wannan ya rufe mata ƙofar makarantun karatu daga nesa irin Frontier ta jihar Kentucky, wadda ta samo asali daga aikin jinya da ungozoma Mary Breckinridge ta kafa a 1925, alhali irinsu ne suka fi dacewa da mai aiki. Kusan duk 'yan uwanmu da na ga sun kai ga gaci sun shigo ne a matsayin nas da takardar zama, suna dutin dare na awa 12 suna biyan kuɗin makaranta daga albashinsu. Haka na yi, kuma ina alfahari da cewa ban roƙi kowa sisi ba.

Karatun shekara biyu ne zuwa uku, amma ba littattafan ne suka wahalar da ni ba. Neman ƙwararriyar ungozomar da za ta yarda ki bi ta a asibiti, ta sa hannu a kan kowane awon ciki da kowace haihuwa, shi ne ya kusa karya ni, don makarantu da dama ɗaliba suke bar wa wannan nauyi, kuma mai baƙon harshe da lulluɓi ba ita ake fara amsa wa ba. Sai kuma ki koyi sauraro: mace tana naƙuda za ta ƙi abin da kika ba ta shawara, ba ki da ikon ɗaga mata murya, sai dai ki yi bayani, ki rubuta, ki girmama zaɓinta.

Aikin kansa yana da kyau, ba zan ɓoye miki ba. Ina rubuta magani, ina duba mata tun daga balaga har bayan ɗaukewar al'ada, ina kula da jariri a kwanaki 28 na farko, kuma matsakaicin albashi ya haura dala 120,000 a shekara kafin haraji. Sai dai likitoci ne ke karɓar mafi yawan haihuwa a ƙasar nan, wasu jihohi ba sa barin ungozoma ta yi aiki sai da yarjejeniya da likita, shaidar ma duk shekara biyar ake sabunta ta, kuma tsoron a kai ki kotu yana tare da ke a kowane kiran tsakar dare.

Idan burinki ki ci gaba da karɓar haihuwa ba tare da dogon jira ba, ki duba Ingila tukuna, inda NMC, hukumar jinya da ungozoma ta can, take yi wa ungozoma rajista kai tsaye bayan jarrabawar Turanci, da ta kwamfuta, da ta gwajin aiki. Albashin bai kai na nan ba, amma da sunan ungozoma za ki shiga ɗakin haihuwa tun ranar farko.