Maiwar Kakanka da Murzuna

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce me ya sa gidanmu ba mu fasa shuka maiwa a gefen gona, alhali tana daɗewa kafin ta nuna, kuma ga irin gero mai gaggawa ya cika kasuwar Dole. Har ka ce ko camfi ne. Ba camfi ba ne, murzuna ce dalili, tsutsar nan mai cin zangarniyar gero.

Kai tsutsar ka sani, ba ka san uwarta ba. Wata ƴar faɗa-wuta ce mai ruwan ƙasa, irin masu kewaya fitila da dare. Tana nan duk inda ake noman gero a bakin hamada, tun daga Sanigal har Sudan, kuma ƙasar jigawa irin tamu ta Damagaram ita ce gidanta. Gero ne abincinta, da ƴar'uwarsa shibra. Dawa ba ta dame ta ba.

Sau ɗaya take zuwa a shekara. Duk rani tana kwance cikin rairayi, a naɗe. In ruwa ya zauna kamar wata guda, sai ta fito, ta nemi geron da ya soma fid da kai, ta zuba ƙwai a zangarniya. Tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta bi gindin ƙwayar tana yankewa tana murɗawa, ka ga zangarniya da zane kamar an naɗa mata igiya. Ka murza, sai ƙaiƙayi. In ta ƙoshi ta sauka ƙasa, sai baɗi.

To ka ga wanda geronsa ya riga na maƙwabta fid da kai, shi ke karɓar baƙin duka. Maiwa kuwa ba ta fid da kai sai tashinsu ya wuce. Kakanka bai san sunan murzuna na boko ba, amma bayan farin 1973, da ta yi mana ƙarfi, sau da yawa maiwar nan ce ta riƙe rumbu.

Ban ce ka ƙi sabon iri ba, ni ma ina shuka shi, don damina ta gajarce. Ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na Maraɗi kuma suna rataye ƴan buhunan wani ƙwaro da ake kira mayaƙi, mai kashe tsutsar. In sun zo garinmu ka karɓa. Irin maiwar yana cikin tulu a ɗakin Inna; in ka zo hutu ka ɗebi tiya guda.

Ka gaida abokan karatu.